Sharhinmu: A Buɗe Wa Yara Ƙofar Madafa

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, kuka ɗaya ake ji a gidajen masu bi da yawa a Arewa: yaro ya ci darasin addini, ya ci Hausa, amma kimiyya ta kayar da shi. Daga nan hanyar shiga makarantar koyon jinya ko aikin likita ko injiniya ta toshe, sai uba ya shiga neman kuɗin sake zama. Iyaye su ɗora laifi a kan malamai, malamai su ɗora a kan gwamnati, gwamnati kuwa ta ce aljihunta ba nauyi. Wannan jarida ba ta wanke kowa daga cikinsu ba. Amma yau muna so mu waiwayo mu dubi cikin gidajenmu, domin akwai abin da iyaye da ikilisiya za su iya yi tun daga wannan mako, ba tare da jiran kasafin kuɗin kowa ba.

Duk wanda ya zaga makarantun karkara ya san tushen matsalar. Yaro yana kwafar darasin kimiyya daga allo, cikin Turancin da bai gama ji ba, ya haddace shi kamar karatun aku, bai taɓa ganin abin da ake magana a kai da idonsa ba. Inda akwai ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa a kulle yake, ko an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru. Manya ba su manta da abin da ya faru da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ba, lokacin da aka sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje, suka yi tsatsa cikin akwatunansu a makarantu da dama saboda babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya iya aiki da su. Ranar jarrabawar gwaji da hannu, ɗalibin da bai taɓa auna ko ludayi ɗaya na ruwa ba sai ya tsaya yana rawar jiki. Hausawa sun ce gani ya kori ji, mu kuwa mun bar 'ya'yanmu da ji kaɗai.

Ra'ayinmu shi ne, kowane gida yana da ɗakin gwaje-gwaje, ko da kuwa murhu ne mai duwatsu uku a gindin katanga. Matar da take dama kunu, take kwaɓa ƙullun waina, take dafa awara, kimiyya take yi safe da yamma, sai dai ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Abin da ya rage shi ne a jawo yaro kusa, a bar shi ya auna, ya zuba, ya jira, ya faɗi abin da ya gani, a kuma tambaye shi dalili. Alherin wannan makaranta shi ne, idan an gama darasi sai a cinye kayan aikin. Bari mu kawo misalai, don kada a ce maganar fatar baki ce.

A fara da zoɓo. A jiƙa shi ba sukari, a tace, a zuba a kofuna uku na gilashi. A bar na farko yadda yake. A matsa lemun tsami a na biyu, a ɗiga ruwan kanwa a na uku. Nan take yaro zai ga na lemun tsami ya ƙara haske, ya yi ja wur, na kanwa kuwa ya yi duhu, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Dalili shi ne, launin da ke cikin zoɓo yana sauyawa gwargwadon abin da ya tarar. Masana sun kasa irin waɗannan abubuwa gida biyu: dangin tsami, wato asid, kamar lemun tsami da tsamiya da nono, da kuma dangin kanwa, kamar toka da sabulu. Tun a 1664 Robert Boyle ya rubuta a Ingila cewa ruwan furanni yana nuna wannan bambanci, kuma wannan ne aikin 'yar takardar nan mai sauya launi da ake tambayar ɗalibai a kanta a jarrabawa. Kofi na farko da na biyu a sa sukari a sha, na kanwa a zubar.

Daga nan a daka 'yar kanwa a faranti, a matsa mata lemun tsami. Za ta yi kumfa tana tsuwa, domin idan tsami ya gamu da kanwa wata iska takan fita, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. A nan ne uwa za ta bayyana abin da ya sa take jefa kanwa a tukunyar wake: tana sassauta abin da ya ɗaure ƙwayar waken, sai ya nuna da wuri, a rage ƙona itace. Ya kamata a gaya wa yaron kuma cewa yawan kanwa yana lalata wani sashe na bitamin da ke cikin abincin, saboda haka kaɗan ake sa wa.

Wannan iska ɗin ce take kumbura fanke da waina da burodi, sai dai a can wani mai rai ne yake fitar da ita. A ɗauki kofuna uku, a zuba ruwan randa mai sanyi a ɗaya, ruwa mai ɗumi a ɗaya, tafasasshen ruwa a ɗaya. A sa wa kowanne cokali ɗaya na sukari da cokali ɗaya na yisti. Kafin a jira, a tambayi yara wanne suke tsammani zai fara tashi. Yawancinsu za su zaɓi tafasasshen, domin a ganinsu zafi shi ne ƙarfi. Bayan kamar minti 15 za su ga mai ɗumin ya cika da kumfa, mai sanyin yana tafiyar hawainiya, tafasasshen kuwa shiru. Yisti halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, tana cin sukari tana fitar da iska, kuma zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ta. A kwaɓa fulawa da kofin da ya tashi, a soya fanke a raba. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ranar da malamin Makarantar Lahadi ya kai ga misalin yisti da Ubangijinmu Yesu ya bayar a Matiyu sura 13, ba zai sha wuyar gane yadda ƙaramin abu yake game gari duka ba.

Haka nan kindirmo. A tafasa madara, ko ta shanu ko ta gari da aka dama, a bar ta ta huce har ɗan yatsa ya iya jurewa, a raba ta ƙwarya biyu. A zuba cokali ɗaya na kindirmon jiya a ɗaya, a bar ɗayar haka nan, a rufe su a wuri mai ɗumi. Da safe wadda aka sa wa iri ta kama ta yi kauri, ɗayar kuwa tana nan tsararo. A 1857 ne Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne suke kawo irin wannan tsami. Daga wannan ƙwarya yaro zai gane cewa akwai halittun da ido ba ya gani, wasu masu amfani, wasu masu kawo cuta, kuma tafasawa tana kashe su. Ba sai an yi ta faɗa da shi ba kafin ya yarda cewa ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka, ko ya san dalilin wanke hannu kafin cin abinci. Ranar da ake yin awara kuma, a bar shi ya zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya, babba yana riƙe da tukunyar, ya ga yadda abin gina jikin da ke cikinta yake dunƙulewa ya rabu da ruwa.

Ko ƙwai ɗaya ma darasi ne. Mata sun daɗe suna gwada ƙwan zabi a kwanon ruwa kafin su biya: sabo ya nutse, tsoho ya taso, domin yayin da ƙwai yake daɗewa ruwan cikinsa yana raguwa ta ƙananan ƙofofin ɓawo, iska tana maye gurbinsa. To, a sa sabon ƙwai a kofin ruwa, a riƙa ƙara gishiri cokali-cokali ana motsawa, yara suna ƙirgawa, har ƙwan ya taso. Gishirin ya ƙara wa ruwan nauyi, shi ya sa ya iya ɗaukar ƙwan. Wannan ne ya sa mutum ba ya nutsewa a Tekun Gishiri da muke karanta labarinsa a Littafi Mai Tsarki, wanda gishirinsa ya kusa ninka na babban teku sau goma. A dafa ƙwan, a yi miya da ruwan gishirin.

Kada wani ya raina irin wannan ilimi. Malam Mohammed Bah Abba ya yi aikin koyarwa a Jihar Jigawa, ya kuma taso a gidan maginan tukwane. Ya san abin da kowace uwa ta sani, cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ya kuma san dalili: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, idan iska ta busar da shi sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da yake lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi makonni, ba tare da wutar lantarki ba. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki. Kowane yaro yana iya maimaita gwajin da tukwane biyu da tumatir shida, uku a ciki, uku a waje, ya riƙa dubawa kowace safiya. Wa ya san ko akwai wani Bah Abba a cikin yaran da suke zama a benci na gaba a majami'arku?

Akwai kuma darasin da ya shafi rai da mutuwa. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da suke kashe yara ƙanana a ƙasarmu, kuma abin da yake kisan shi ne ƙarewar ruwan jiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari ana ba su su sha, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne, sukari yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jiki. Amma sai an auna daidai: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan gishiri ya yi yawa, maganin ya zama cuta. Wanda ake samu a ƙulle daga asibiti ya fi, kuma dole a kai yaron wurin ma'aikacin lafiya, amma da tsakar dare a ƙauye, yarinya mai shekara goma da ta saba da awo tana iya riƙe ran ƙaninta har gari ya waye.

Sai dai a lura, girki kaɗai ba ya zama darasin kimiyya sai an bi ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce. A sa yaro ya faɗi abin da yake tsammani kafin a fara. A sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. A ajiye kofi ɗaya da ba a taɓa ba domin kwatantawa. A rubuta abin da aka gani, ko da ya saɓa wa abin da aka zata. Masu karanta Littafi Mai Tsarki ba baƙi ba ne ga wannan hanya. A sura ta fari ta littafin Daniyel, da mai lura da samari ya ji tsoron kada su rame, Daniyel bai tsaya gardama da shi ba. Ya roƙa a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa, sannan a kwatanta su da masu cin abincin sarki, a yanke hukunci bisa abin da ido ya gani. Yaron da ya saba da cewa “bari mu gwada mu gani” ba zai zama abincin 'yan damfara ba, ko mai tallar maganin da wai yake warkar da cuta arba'in, ko mai yaɗa jita-jita ta waya.

Muna kuma ba da shawara a yi wannan koyarwa da harshen da ake magana da shi a gida, ko Hausa ce, ko Tiyaf, ko Bura, ko Angas, ko Birom. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida. Yaran ba su gaza a Turanci ba, sun kuma fi takwarorinsu a yawancin darussa. Idan yaro ya gane abu da harshen uwarsa, ɗora masa sunan Turanci daga baya ba wuya.

Mun san akwai masu ja. Wasu za su ce a wannan zamani na tsadar abinci ba a wasa da shi. Gaskiyarsu, kuma al'adarmu da bangaskiyarmu duka sun hana almubazzaranci. Amma a sake duba misalan da muka kawo: ban da kofin zoɓo ɗaya, da 'yar kanwa da lemun tsami, da cokali biyu na yisti da na sukari, kusan babu abin da bai koma ciki ba. Wasu iyaye mata za su ce su ba su yi boko ba, me za su koyar? Amsarmu ita ce, Mama, ke kika san yadda ake yi, ɗanki da ke sakandare ko ma'aikaciyar jinyar da kuke sujada tare su kawo dalili, a haɗa biyun. Sai kuma masu cewa madafa ba wurin ɗa namiji ba ne. Wannan ra'ayi ya cuci samari da yawa, waɗanda suka je makarantar kwana ko bautar ƙasa ba su iya dafa ko shinkafa ba. Ya kuma cuci 'yan mata, domin an bar su da aikin, ba a taɓa nuna musu cewa hannun da ya iya auna kanwa zai iya auna magani a asibiti ba. A shigar da su duka, maza da mata.

Game da haɗari kuwa, rigakafi ya fi magani. Wuta da tafasasshen ruwa da mai mai zafi da wuƙa aikin babba ne, yaro ya tsaya daga gefe. Kada a ɗanɗana kome sai babba ya yarda. Kada a shigo da sodar yin sabulu ko kalanzir ko maganin ƙwari wurin darasi, kada kuma a taɓa ajiye su a kwalbar lemo, domin yara da dama sun sha sun ƙone maƙogwaro ta wannan hanya. Rogo mai ɗaci yana da dafi, wanda jiƙo da tsimawa da suya suke fitarwa. A bayyana wa yara wannan da baki, amma kada a ba su shi ɗanye da sunan gwaji.

Akwai kuma 'yan'uwa da suke tsoron kada kimiyya ta raba 'ya'yansu da bangaskiya. Muna tuna musu cewa Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin yadda 'ya'ya suke gadon kamannin iyaye, ya kuma buga sakamakonsa a 1866, limamin ikilisiya ne, kuma a lambun gidan ibada ya yi gwaje-gwajensa da wani irin wake. George Washington Carver, wanda aka haifa cikin bauta a Amurka, ya zama masanin gyaɗa da dankali, ya kuma yi shekaru yana koyar da ajin Littafi Mai Tsarki a makarantar Tuskegee. Wanda ya halicci yisti da gishiri ba ya jin tsoron tambayar yaro. Abin da yake raba yaro da majami'a shi ne idan kullum ya yi tambaya aka daka masa tsawa, har ya ɗauka cewa a gidan Allah ba a son mai tunani.

Saboda haka muna kira ga Zumuntar Mata a kowace majami'a ta keɓe yammacin Asabar ɗaya a wata domin wannan aiki, kowace mace ta kawo abin da take da shi, wannan zoɓo, waccan gwangwanin fulawa. Muna kira ga malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya da ɗaliban jami'a da ke cikin ikilisiya su ba da sa'a biyu, su ɗauke ta a matsayin baiko kamar kowane baiko. Shugabannin Birged na samari da na 'yan mata su sa shi cikin shirin dogon hutu. Dattawan ikilisiya su sayi littafin rubutu ɗaya da fensir ga kowane yaro, ya riƙa rubuta abin da ya zata da abin da ya gani, a kuma ba yaran dama su nuna aikinsu ranar bikin godiyar kaka. A bar ƙofa a buɗe ga yaran maƙwabta na kowane addini, da sanin iyayensu, domin jahilci da gudawa ba sa tambayar inda mutum yake sujada. Makarantun mishan irin su Gindiri da Waka sun yi suna ne saboda sun haɗa littafi da aikin hannu, kuma wannan gado namu ne.

Wannan duka bai sauke wa gwamnatocin jihohi nauyin gina ɗakunan gwaje-gwaje da biyan malamai a kan kari ba, kuma wannan jarida za ta ci gaba da tuna musu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ke aji uku yau kuwa ba zai tsaya da girma yana jiran a ba da kwangila ba. Gobe da safe idan an hura wuta, maimakon a ce wa yaro ya ba da wuri, a miƙa masa cokali ya auna. Ubangiji ya ba iyaye haƙuri, ya ba 'ya'yanmu hikima, amin.